'Yar Hansatu Ta Kai Suna

Ku gyara zama, ku ajiye wayoyin nan a ƙasa. Ga ta nan zan ba ku, amma ba irin wadda ake ba yara don su yi barci ba ce. Wannan in na kai ƙarshenta ku ne za ku yanke hukunci, kuma ban yarda wani ya ce mini duk ɗaya ne ba.

A zamanin da jirgin ƙasa yake jirgin ƙasa, akwai wani gari da layin dogo ya ƙare a cikinsa. Ba zan faɗi sunansa ba, don jikokin mutanen suna nan da ransu, wasu ma kun san su. A garin nan jirgi ne agogo. Tun daga gada yake kuka, mata su ji su ce a ɗora sanwa, masu talla su ɗauki faranti su nufi tasha. Bayan tashar akwai Unguwar Mahauta, a cikinta akwai gidan Baba Nadabo, tsohon mahauci, gida mai faɗi da durumi a tsakiyarsa. 'Ya'yansa suna ciki, 'yan haya suna ciki, kuma baƙo ba ya iya rarrabe wane ne wane, don randa ɗaya kowa yake sha a gindin durumin nan. Na je garin bara. An sare durumin, awaki ke kwana a tasha, na tsaya na rasa wanda zan gaisar.

A gidan nan Hansatu take aure. Isyaku, autan Baba Nadabo, shi ya gan ta a kasuwar ƙauyensu ya je sayen shanu, ya dawo da shanun amma hankalinsa ya zauna can, har sai da aka kawo ta. Marainiya ce, mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, ba ta da kowa a garin sai mutanen gidan. Cikinta na fari ya zube. Na biyu ta haifi namiji, an ɗaure rago a gindin durumi, ana shirin suna, sai yaron ya fara jijjiga. 'Yan yatsunsa suka dunƙule, leɓensa yana rawa, kafin a kai ga suna ya koma. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce wabi ne. Aka kwance ragon aka mayar da shi garke, kuma daga ranar ba wanda ya ƙara ambatar yaron a gabanta, don haka ake yi, a ganin mutane tausayi ne. Ita kuwa ba ta da wani buri a duniya da ya wuce ta ga ɗan cikinta ya kai ranar suna.

Da ciki na uku ya zo, sai ya zo da amai. Kowa ya ce laulayi ne, zai wuce. Wata uku suka cika bai wuce ba. Ga ƙishi kamar ta yini a rana, ga fitsari ba ƙaƙƙautawa, cikinta ya ɗaure, ƙafafunta suka yi nauyi, ƙwannafi yana ƙona mata ƙirji. Da yake kowa yana tsoron abin da ya faru a baya, sai kowa ya tashi taimako. A wurin awo an ba ta fararen ƙwayoyi na ƙarfin ƙashi, irin waɗanda ake ba masu ciki, kuma ga yawancin mata alheri ne. Isyaku yana sayo mata wasu na taunawa don ƙwannafi, tana ci kamar alewa. Mata suna kawo mata farar ƙasa tana gutsura. Ban taɓa ganin inda ƙauna ta taru ta yi ɓarna kamar a ɗakin Hansatu ba.

Ta farko cikin mata ukun da zan ba ku labari ita ce Goggo Saude mai fura, 'yar haya ce a ɗakin da ke kusa da na Hansatu. Ta yi aure har sau biyu, Allah bai ba ta haihuwa ba, sai goyon 'ya'yan mutane ta yi, ta goya sun fi a ƙirga. Ita ta ɗauki Hansatu tamkar ta cikinta. Kullum da hantsi za ta dama mata fura da nono mai kauri, ta jiƙa kanwa ta zuba, ta ce wannan yana kwantar da ƙwannafi, ta tsaya a kanta sai ta shanye. Amma Saude mace ce mai ido. Ita ke cika randar gidan, ta lura randar ba ta kai azahar kamar da. Rannan da la'asar ta shiga da ƙwarya, Hansatu ta ɗago kai ta dube ta, ta kira ta Inna, ta tambaye ta ko an dawo da awaki daga kiwo. Innar da take kira ta daɗe a ƙasa, kuma gidan ba awaki.

Saude ta ajiye ƙwaryar. Ba ta nemi shawarar kowa ba, ta yafa mayafi ta shiga zaure inda maza suke zaune, wurin da mace ba ta shiga ta kawo zancen ciki. Ta ce, "Baba, na ga laulayi iri-iri, ban taɓa ganin wanda yake ɗauke hankali ba. Yarinyar nan gobe zan hau jirgi da ita."

Aka ce ta cika shisshigi. Aka ce wadda ba ta taɓa haihuwa ba me ta sani game da ciki, kuma a gabanta aka faɗa, ta ji, ta haɗiye. Da safe ta rufe ƙwaryar furarta, ta goya Hansatu a baya kamar jaririya daga ƙofar gida har tasha, don ƙafafun sun ƙi ɗaukar ta. Isyaku yana biye da ƙullin kaya, kunya ta hana shi haɗa ido da kowa.

Ta biyu ita ce Likita Zulaihatu, a babban asibitin birni. 'Yar tsohon shugaban tashar jirgin garin ce, kuma tana cikin yaran da Saude ta goya. Shi ya sa Saude ta shiga asibitin tana tambayar ina Zulai, ma'aikata suna kallon ta, har aka gane wadda take nufi. Likitar ta fito, ta durƙusa ta gaishe ta a gaban kowa, sannan ta karɓi mara lafiya. Aka auna zazzaɓin cizon sauro, babu. Aka auna ciwon suga saboda ƙishin nan, babu. Da wata ce, da an sa ƙarin ruwa leda biyu an ce laulayi ne mai tsanani an sallame su, kuma ba wanda zai zarge ta. Zulaihatu sai ta jawo kujera ta zauna a bakin gado, ta yi abin da ba wanda ya yi tun da aka kwance ragon nan. Ta ce, "Hansatu, ba ni labarin yaron da kika rasa. Yaya ya yi?"

Hansatu ta ɗaga hannunta ta dunƙule yatsu, babban yatsa a ciki, ta nuna yadda na yaron suka yi, sai kuka ya ƙwace mata. Likita ta bar ta ta yi kukanta, sannan ta tashi ta sa aka sake ɗibar jini, aka auna wani abu da ba a saba aunawa ba.

Ga yadda ta yi musu bayani, ni ma haka na riƙe shi. A jinin kowa akwai wani sinadari, kalsiyam, shi ke gina ƙashi da haƙori. A cikin wuya kuma, ta bayan maƙogwaro, akwai wasu 'yan ƙullutai guda huɗu, kowanne bai wuce ƙwayar shinkafa ba, su ke tsaron ma'auninsa a jini. Ɗaya daga cikin na Hansatu ya kumbura ya daina jin magana, yana ta kwaso sinadarin daga ƙasusuwanta yana zubawa a jini. Shi ya kawo aman, da ƙishin, da gushewar hankalin. Ɗan da ke ciki kuma yana samun abin fiye da kima daga uwa, sai nasa ƙullutan su yi kwance ba su koyi aiki ba. Ranar da aka yanke cibiya, abin ya yanke masa gaba ɗaya, jikinsa ya rasa, shi ne jijjigar. Ta ce, "Ba iska ba ce, ba wabi ba ne, kuma ba laifinki ba ne." Hansatu ta ce duk magungunan da aka ba ta a asibitin nan babu wanda ya kai wannan magana.

Likita ta hana fararen ƙwayoyin, ta hana na taunawa, ta hana farar ƙasa da jiƙon kanwa, ta ce nonon ma a yi shi da ma'auni. Saude ta ji jerin nan ta gane hannunta yana ciki dumu-dumu, ta fita ta zauna a baranda ta yini ba ta ci komai ba. Aka ɗaura wa Hansatu ƙarin ruwa, leda tana ƙarewa ana sa wata, don ƙoda ta wanke abin ta fitar. Ana auna jini yana sauka, hankalinta ya dawo, ta fara riƙe abinci. Da aka sassauta ruwan sai ya sake hawa. Zulaihatu ta ce magunguna masu ƙarfi da ake ba wasu, ba za ta ba mai ciki ba, don gudun abin da za su yi wa ɗan. Abin da ya rage shi ne a buɗe wuya a cire ƙullutun da ya kumbura, kuma a yi yanzu da cikin yake tsakiya, don in ya tsufa aikin ya fi haɗari. Amma sai miji ya amince.

Isyaku kuwa ba ya amincewa da abin da ubansa bai amince da shi ba. Ya hau jirgi ya koma gida ya faɗa. Ku tuna gidan su wane ne. Da gidan manoma ne ko na maɗinka, da an yi jimami an ce Allah Ya sa a dace. Amma mahauta sun san wuya, sun san abin da ke kwance a cikinsa jijiya bayan jijiya. Baba Nadabo ya ce, "Tun ina yaro nake sa wuƙa a wuya, ban taɓa ganin wanda ya tashi ba. A dawo mini da surukata gida. In mutuwa ce, ta same ta da wuyanta a haɗe." Ba mugunta ba ce. Tsohon yana son Hansatu, shi ne yake ware mata hanta mai kyau kullum. Saninsa ne ya tsaya masa a gaba, kuma duk zauren suka ce Baba ya yi gaskiya.

Ta uku ita ce Yaya Ramatu, babbar 'yar Baba Nadabo, yayar Isyaku. Ta yi aure a Kumasi wurin wani mai fataucin goro, ta shekara da shekaru can, da mijin ya rasu ta dawo gidan ubanta. An san ta da abu ɗaya, murjani. Sili-sili take jera shi ya kama wuyanta tam, ko ana zafin da kare ke neman inuwa ba ta cire shi, in za ta yi wanka da shi take shiga. Matan gida suna yi mata tsiya a bayan ido, suna cewa iyayin Kumasi ne. Ba ta da yawan magana, kuma ita da Hansatu ba su wuce gaisuwa ba.

Tana bayan ƙofa ta ji hukuncin ubanta. Ta shiga zauren, ta durƙusa a gabansa, ga ƙannenta, ga yaran shago, ga maƙwabta. Ta sa hannu a ƙeya ta kwance murjanin, sili bayan sili, ta ajiye a kan tabarma, ta ɗaga haɓa. Ga tabo nan siriri, daga wannan gefe zuwa wancan, daidai inda mahauci yake ɗora wuƙa.

Ta ce, "Baba, maƙoƙo ya fito mini a Kumasi har yana hana ni numfashi. Aka yanka aka cire. Jikokinka biyu da kake wasa da su, bayan nan na haife su. Na ɓoye maka ne don na san abin da za ka ce."

A zamanin nan mace ta bari a san ta yi maƙoƙo abin gori ne har kan 'ya'yanta mata, kuma Ramatu tana da 'yar da ake nema. Tsohon ya miƙa babban yatsansa ya bi tabon a hankali, yadda yake duba aikin yaran shagonsa. Ya ce wanda ya yi wannan ya san hannunsa. Ya juya wajen Isyaku ya ce ya je ya sa hannu. Amma daga ranar ya daina cin tuwon Ramatu, sai da damina ta zo ta wuce, don ya ce 'yar da za ta iya ɓoye wa ubanta wuyanta tsawon shekaru, ba shi ta ɗauka uba ba. Masu neman 'yarta kuma suka ja da baya, sai daga baya wani ya fito.

Aka yi aikin. Wani likitan tiyata ne ya yi, namiji, kuma shi ku cire shi daga lissafi, za ku ji dalili. Abin da aka ciro bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Aka sa a 'yar kwalba, Isyaku ya kawo wa ubansa. Baba Nadabo ya ɗaga kwalbar a hasken rana ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ashe wannan ne ya cinye mini jika." Ya tashi ya shiga ɗaki, ranar bai fita kasuwa ba.

Bayan aikin sai leɓen Hansatu da yatsunta suka fara tsikari. Ta tsorata, don ta san wannan alama. Likita ta ce kada ta damu, ƙasusuwanta ne da aka daɗe ana kwasa suke mayar da abinsu, jinin ya yi ƙasa, yanzu sai an ƙara mata. Ta dawo mata da fararen ƙwayoyin nan, ta juya ta ce wa Saude ta nemo nono mai kyau, ban da kanwa. Saude ta riƙe haɓa ta ce, "Ke Zulai, jiya guba, yau magani? Ku dai likitoci Allah Ya shirye ku." Amma kafin a ce me, ta dawo da ƙwarya cike, kuma wannan ne karo na farko da aka ga haƙoranta tun da suka zo.

Da watanni suka cika Hansatu ta haihu a asibitin, mace. Shi ya sa na ce ku cire mai tiyata, don ba a sa wa 'ya mace sunan namiji. Zulaihatu ba ta yarda an sallame su da wuri ba, tana sa a tsaga dunduniyar jaririyar a auna jini, har ta gamsu ƙullutan yarinyar sun tashi aiki. Hansatu kuwa ba ta kallon fuskar 'yarta kamar yadda take kallon hannuwanta. In yatsun suka dunƙule sai ta sa nata yatsa ta taɓa, su buɗe su kama ta. Aka koma gida. Aka sake ɗaure rago a gindin durumi, kuma wannan karon ba wanda ya kwance shi.

Ana gobe suna, da yamma, Isyaku ya leƙo ɗaki. Bisa al'ada uba ke zaɓen suna, amma ya ce, "Ke kika sha wuyar nan. Da asuba liman zai tambaye ni. Ki faɗa mini wadda za a yi wa takwara." Kun san nauyin takwara a wurinmu. Wadda aka yi wa, yarinyar ta zama tata har abada, ita za ta huda mata kunne, ita za ta tsaya ranar aurenta, kuma in ta mutu sunanta bai mutu ba. Sunan yanka kuwa ɗaya ne, rago ɗaya ake yankawa a kansa.

Hansatu ta duba gefen gado, ga abubuwa uku da aka shigo da su ranar, kowacce cikin matan uku ta ajiye nata ta fita. Saude ta kawo zanen goyo saƙi, wanda ta saya tun aurenta na fari, ta goya 'ya'yan mutane da wasu zannuwa amma wannan ba ta taɓa warware shi ba. Zulaihatu ta hawo jirgi takanas, ita da ba ta samun hutu, ta kawo 'yar hular da ta saƙa da hannunta, karkatacciya, don ba ta iya saƙa ba. Ramatu ta tsinke sili ɗaya na murjaninta ta mayar da shi ɗan ƙarami daidai wuyan jaririya, ita kuma tana yawo a tsakar gida wuyanta a buɗe.

Ta ɗauki zanen. Ba don Goggo Saude ba, da tana nan kwance a ɗaki ana cewa laulayi har ta tafi. Ita ta gani, ita ta sha gori, ita ta goya ta. Amma kuma ita ce take ɗura mata jiƙon da ya ƙara mata ciwo, ko da ba da sani ba, kuma kai mutum asibiti ba shi ne warkar da shi ba.

Ta ɗauki hular. Ba don Likita ba, da an kai ta an dawo da ita da ciwonta. Ita ta tambayi abin da kowa ya rufe, ita ta gano, ita ta wanke mata zargin wabi, ita ta tsare jaririyar. Amma wani zai ce aikinta ne, don shi ta yi karatu, kuma da wata baƙuwa aka kawo mata haka za ta yi.

Ta ɗauki murjanin. Ba don Yaya Ramatu ba, da ganin Saude da ilimin Zulaihatu duk sun tsaya a ƙofar zauren Baba Nadabo. Ita ce ta biya da sirrinta, da fushin ubanta, da auren 'yarta. Amma ba ta yi jinya ko ta yini ɗaya ba, kuma da ba ta ɓoye tabon tun farko ba, da tsohon bai taɓa yin gardama ba.

Na ga bakinka yana motsi, kai na gefe, za ka ce a yi wa ɗaya yanzu, sauran su jira haihuwa ta gaba. Na rufe maka wannan ƙofa. Hansatu ta ƙara haihuwa, lafiya lau, amma duk maza ne, wannan ce kaɗai macen da Allah Ya ba ta. Sunan da aka raɗa na san shi, na ci naman ragon, amma ba za ku ji shi daga bakina ba sai kun gama gardamarku.

Jirgin yamma ya yi kuka daga gada. Isyaku yana tsaye a bakin ƙofa yana jira, jaririya ta riƙe yatsan uwarta, mata ukun nan suna gindin durumi suna gyaran shinkafar suna, kowacce ta sunkuyar da kai kamar ba ta san abin da ake ciki ba. To, da ku ne Hansatu, tsakanin wadda ta goya ta zuwa jirgi, da wadda ta gano ciwon, da wadda ta kwance murjaninta a gaban ubanta, sunan wa za ku faɗa wa Isyaku ya kai wa liman?